Idan Hoto Ya Ƙi Fitowa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rashin Jituwar Talabijin da Na'urorin da Ake Haɗa Masa

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi maimaituwa a bakin magidanta da masu gidajen kallon ƙwallo da masu gidajen gem a nan Jos, kuma an jera su ne daga mafi sauƙi zuwa mai zurfi. Akasarin abin da ake ɗauka lalacewar talabijin ne, a gaskiya rashin jituwa ne tsakanin na'urori biyu masu lafiya, kuma ana iya gane shi a gida idan aka riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Saƙonnin da talabijin ke rubutawa da Turanci an bar su yadda suke domin mai karatu ya gane su idan ya gan su.

1. Dikodata a kunne take, amma talabijin ya rubuta "No Signal". Daga ina zan fara?

Abu na farko shi ne a tantance wace na'ura ce ta rubuta saƙon, domin talabijin da dikoda duk suna amfani da kalmomi masu kama da juna, alhali abin da suke nufi ya sha bamban. A danna maɓallin menu a rimot ɗin dikoda. Idan menu ɗin ya fito a allo, to haɗin da ke tsakaninta da talabijin lafiya lau yake, matsalar tana wajen dish ko eriya, wataƙila iska ta gusar da shi ko ruwan damina ya tare sigina. Idan kuwa babu abin da ya fito, talabijin ne ke cewa bai ga komai ba a mashigar da aka zaɓa.

A wannan hali sai a duba bayan talabijin a karanta lambar ramin da aka soka kebul, sannan a danna "Source" ko "Input" a rimot ɗin talabijin a zaɓi wannan lambar. Sau da yawa yara ne suka danna rimot suka mayar da shi HDMI 2 alhali kebul yana HDMI 1. Idan lambar daidai take, a zare kebul ta ɓangarorin biyu a sake soka shi har ya zauna, a gwada wani ramin, sannan a gwada wani kebul na aro. Sai waɗannan sun gaza ne ake wucewa zuwa tambaya ta 2.

2. Me ya sa cire na'urori daga soket a mayar yake gyara matsalar a wasu lokuta?

Domin kebul ɗin HDMI ba hoto kaɗai yake ɗauka ba. Duk lokacin da aka haɗa na'ura da talabijin, sai sun yi abin da ya yi kama da ciniki kafin hoto ya fito: talabijin yana miƙa wani ɗan bayani da ake kira EDID, wanda ke ɗauke da jerin ma'aunan hoto da irin sautin da yake iya karɓa, na'urar kuma ta zaɓi wanda ya dace daga ciki ta turo. Idan wuta ta ɗauke ta dawo a tsakiyar wannan musaya, ko na'urar ta riga talabijin farkawa, tana iya karanta bayanin a gurguje ko ta kasa karanta shi, sai ta ci gaba da turo abin da talabijin ba ya ganewa.

Kashewa da rimot ba ya wadatarwa, saboda yana sa na'urar barci ne kawai. A cire duka biyun daga soket, a zare kebul, a jira kamar minti ɗaya, a mayar da kebul, a fara kunna talabijin a sa shi a kan mashigar da ake so, sannan a kunna ɗaya na'urar. Wannan tsari na kunnawa yana da muhimmanci a garin da wuta ke yawan ɗaukewa.

3. Mene ne ma'anar "Mode Not Supported" ko "Unsupported Format" ko "Out of Range"?

Ma'anarsa ita ce sigina tana isowa, amma a ma'aunin da talabijin ba zai iya nunawa ba. Ma'aunin hoto yana da ɓangare biyu. Na farko yawan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto: 720p ɗigo 1280 ne a kwance da 720 a tsaye, 1080p kuma 1920 da 1080, shi kuwa 4K 3840 da 2160. Na biyu shi ne sau nawa hoton ke sabuntuwa a daƙiƙa guda, wanda ake rubutawa 50Hz ko 60Hz ko 120Hz. Idan ɗaya daga cikin biyun ya fi ƙarfin talabijin, allo zai yi baƙi ko ya fito da wannan saƙo. An fi ganin haka idan aka ɗauko na'urar da aka saita a kan babban talabijin na falo aka kai ta kan ƙarami na ɗaki.

Wahalar ita ce saitin da za a gyara yana cikin menu ɗin da ba a gani. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da na'urar kan talabijin ɗin da take aiki da shi, a sauke ma'aunin zuwa 720p ko a sa shi a kan "Auto", sannan a dawo da ita. Idan dikoda ce mai ramukan AV, a haɗa ta da kebul mai kai uku na ɗan lokaci a gyara saitin ta nan. Ga PlayStation 4, a kashe ta gaba ɗaya, a danne maɓallin kunnawa har a ji ƙara ta biyu bayan kimanin daƙiƙa 7, a haɗa abin wasan hannu da kebul ɗin USB, sannan a zaɓi "Change Resolution". PlayStation 5 ma tana da irin wannan hanya.

4. Menu yana fitowa, amma da zarar na kunna fim sai allo ya yi baƙi ko a rubuta "HDCP Error". Me ke faruwa?

HDCP wani tsari ne da kamfanin Intel ya ƙirƙiro domin hana kwafar fina-finai ta kebul. Kafin na'ura ta saki hoton da aka kare, sai ta tabbatar cewa abin da ke ɗaya bakin kebul ɗin ma yana bin tsarin. Menu ba a kare shi ba, shi ya sa yake fitowa, fim ɗin kuma ya ƙi. Fina-finan 4K na manhajoji irin su Netflix suna buƙatar HDCP 2.2, kuma sharaɗin ya hau kan kowace na'ura da siginar za ta ratsa, har da na'urar sauti ko na'urar raba hoto da aka sa a tsakani.

Saboda haka a fara cire duk abin da ke tsakani a haɗa na'urar kai tsaye da talabijin. Idan hoto ya fito, an gano mai laifin. Idan bai fito ba, a gwada sauran ramukan, domin a wasu talabijin na 4K na farko-farko rami ɗaya ne kawai ke da HDCP 2.2, kuma galibi an rubuta a gefensa. Sauke ma'auni zuwa 1080p ma yakan buɗe hanya a kan tsohon talabijin.

5. Shin kebul mai tsada ya fi mai araha kyawun hoto?

A'a. Siginar HDMI ta lambobi ce, don haka kebul ba ya ƙara wa hoto kala ko haske. Ko dai ya isar da bayanan cikakku, ko ya gaza, kuma gazawarsa tana bayyana ne da fararen ɗigogi masu ƙyalƙyali, ko ɗaukewar hoto na daƙiƙa biyu zuwa uku, ko baƙin allo. Abin da ke bambanta kebul da kebul shi ne yawan bayanan da zai iya ɗauka. HDMI 1.4 na shekarar 2009 yana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, wanda ya isa 1080p da kuma 4K a 30Hz. HDMI 2.0 na 2013 ya kai gigabit 18, ya ba da 4K a 60Hz. HDMI 2.1 na 2017 ya kai gigabit 48, shi ne ke ɗaukar 4K a 120Hz. Mai dikoda ta yau da kullum kebul mai rubutun "High Speed" ya ishe shi, mai 4K ya nemi "Premium High Speed", mai sabuwar na'urar gem da ke son 120Hz kuma ya nemi "Ultra High Speed".

Tsawo ma yana da tasiri. Kebul na mita biyu ko uku da wuya ya ba da matsala, amma idan ya haura mita goma sigina takan fara rauni, musamman a manyan ma'aunai. Rubutun da ke jikin kwali ba koyaushe yake gaskiya ba, don haka shawarata ga mai saye a Terminus ko a shagunan titin Ahmadu Bello ita ce ya nemi a gwada masa a shago, ko a yarje masa ya dawo da shi idan bai yi ba.

6. Na sayi talabijin na 4K, amma na'urata ta ƙi ba da 4K ko HDR, wato tsarin da ke ƙara wa hoto zurfin haske da kala.

Talabijin da yawa suna zuwa daga kamfani da ramukansu a saitin da ya dace da tsofaffin na'urori, sai mai shi ya buɗe cikakken ƙarfinsu da kansa, rami bayan rami. A LG sunan saitin "HDMI Ultra HD Deep Colour", a Samsung "Input Signal Plus", a Sony kuma "Enhanced format". Akasin haka ma yana faruwa: tsohuwar dikoda tana iya ƙin fitar da hoto a ramin da aka buɗe wa wannan saiti, sai an rufe shi. Idan an buɗe saitin hoto ya fara ɗaukewa, kebul ne ya gaza, a koma tambaya ta 5.

7. Na haɗa da kebul mai kai uku, hoto ya fito baƙi da fari, ko yana ta gudu sama.

Dalilai biyu ne suka fi jawo wannan. Na farko kuskuren rami: a kebul ɗin AV, kai mai ruwan ɗorawa shi ne na hoto, ja da fari na sauti ne. Wasu talabijin suna da wani jerin ramuka na daban masu launin kore da shuɗi da ja, kuma idan aka soka mai ruwan ɗorawa a cikin koren alhali an zaɓi mashigar "Component", hoto zai fito ba kala. A wasu talabijin ramin koren ne aka tanada don ayyukan biyu, sai dai dole a zaɓi "AV" a rimot.

Na biyu bambancin tsarin kala. Najeriya tana bin tsarin PAL mai 50Hz, Amurka da Japan kuma NTSC mai 60Hz. Idan na'urar DVD ko dikoda tana kan NTSC, talabijin kuma PAL kawai ya sani, kala za ta ɓace ko hoton ya ƙi tsayawa. A shiga saitin na'urar a nemi "TV System" a mayar da shi PAL ko "Auto".

8. An aiko mini da talabijin daga Amurka. Me ya sa ba ya kama tashoshi, kuma dikoda ma ta ƙi aiki da shi?

Wannan tambaya tana da rassa uku, kuma na farkonsu ya shafi lafiyar talabijin ɗin kansa. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuma 230, don haka kafin a soka shi a soket a karanta takardar da ke manne a bayansa. Idan an rubuta 100 zuwa 240, babu damuwa. Idan 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai sauke wuta, in ba haka ba zai ƙone nan take.

Na biyu kama tashoshi. Jos ce aka zaɓa don gwajin komawa watsa shirye-shiryen talabijin na dijital a Najeriya, aka ƙaddamar a watan Afrilun 2016, Abuja ta biyo baya a Disambar wannan shekara, kuma tsarin da ƙasar ta ɗauka shi ne DVB-T2. Talabijin na Amurka an ƙera shi ne da tsarin ATSC, don haka duk tsayin eriyar da aka ɗaura masa ba zai kama tashoshinmu da kansa ba. Wannan ba ya gyaruwa ta saiti, sai an haɗa masa dikoda. Na uku shi ne dikodojinmu suna fitar da hoto a 50Hz, wasu talabijin na Amurka kuma 60Hz kawai suke karɓa, sai a ga saƙon da aka yi bayani a tambaya ta 3. Idan dikodar tana da zaɓin 60Hz a saitinta, a sauya. Idan ba ta da shi, sai na'urar da ke juya 50Hz zuwa 60Hz. Duk mai shirin sayen talabijin na hannu da aka shigo da shi daga waje, ya tafi da dikodarsa shagon a gwada a gabansa kafin ya biya.

9. Gefen hoton ya yanke, ba na ganin sakamakon wasa a kusurwa, ko kuma mutane sun yi faɗi.

Yankewar gefe gado ce daga zamanin tsohon talabijin mai ƙaton baya, lokacin da ake ɗan faɗaɗa hoto don ɓoye bakinsa. Ana kashe ta a saitin girman hoto: "Just Scan" a LG, "Fit to Screen" ko "Screen Fit" a Samsung, "Full Pixel" a Sony. Faɗin mutane kuwa yana nufin siffar hoto ce ta bambanta, ɗaya na'urar tana kan 4:3 ta tsohon allo, ɗayar kuma 16:9 ta allo mai faɗi. A sa duka biyun a kan 16:9.

10. Hoton gaba ɗaya ya koma ruwan hoda ko kore.

Na'urori suna da hanya biyu ta aika kala, RGB da YCbCr. Idan na'ura ta aika da ɗaya, talabijin ya fassara da ɗayar, sai komai ya rine. Galibi musayar da aka ambata a tambaya ta 2 ce ta sami tangarɗa, kuma cirewa daga soket yana gyara ta. Idan ta dawo, a shiga saitin na'urar a zaɓi tsarin kala da hannu maimakon "Auto". Gwaji ɗaya yana raba gardama: a buɗe menu na talabijin ɗin kansa. Idan kalarsa daidai take, allon lafiya yake. Idan shi ma ya rine, to aikin mai gyara ne, a duba tambaya ta 15.

11. Na haɗa kwamfutar tafi-da-gidanka, amma babu hoto, ko akwai hoto babu sauti.

A Windows, a danna maɓallin Windows tare da harafin P, a zaɓi "Duplicate" idan ana so abin da ke kwamfuta ya fito a talabijin. Idan aka ga hoton bango kawai ba tare da manhajoji ba, yana kan "Extend" ne, wato an ɗauki talabijin a matsayin allo na biyu. Tun da kwamfuta tana da nata allon, sauke ma'auni zuwa 1920 da 1080 a 60Hz abu ne mai sauƙi. Ƙananan talabijin masu inci 32 da yawa ɗigoginsu 1366 da 768 ne, shi ya sa rubutu ke fitowa dishi-dishi a kansu ko da sun karɓi 1080p.

Game da sauti, a danna alamar lasifika a zaɓi sunan talabijin. Idan ta VGA aka haɗa, wato rami mai launin shuɗi na tsofaffin kwamfutoci, babu sautin da zai bi ta nan ko kaɗan, sai da kebul na daban. Kuma na'urar da ke juya VGA zuwa HDMI hanya ɗaya take bi, ba ta aiki a juye, don haka a lura da wadda ake saye.

12. Na sayi kebul daga USB-C zuwa HDMI, amma wayata ta ƙi nunawa.

Ba kowane ramin USB-C ne ke fitar da hoto ba. Sai wayar tana da abin da ake kira DisplayPort Alt Mode, kuma wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa ba su da shi, raminsu na caji ne da tura fayil kawai. Babu saiti ko manhajar da za ta ƙara wa waya abin da ba a ƙera ta da shi ba. Mafita ita ce turawa ta iska, da Miracast ko Chromecast ga Android, ko AirPlay ga iPhone a talabijin da ke karɓarsa. Chromecast da AirPlay galibi suna buƙatar waya da talabijin su kasance a kan Wi-Fi ɗaya. Idan aka tura fuskar waya fim ya fito baƙi alhali ana jin sauti, kariyar kwafi ce irin ta tambaya ta 4.

13. Gidan kallo nake da shi, dikoda ɗaya da talabijin uku. Me ya sa ɗaya ke nunawa sauran su ƙi?

Da farko a tabbatar na'urar da aka saya mai raba hoto ce, wadda ke karɓar sigina ɗaya ta fitar da ita ramuka da yawa, domin akwai mai kama da ita da ke yin akasin haka, wato tana karɓar na'urori da yawa ta fitar zuwa talabijin ɗaya. Sannan a nemi mai adaftar wuta ta kanta, saboda wadda ke dogara da 'yar wutar da ke cikin kebul ba ta jure dogon zango.

Babbar matsalar ita ce dikoda ma'auni ɗaya kawai za ta iya fitarwa ga kowa. Idan biyu daga cikin talabijin ɗin sababbi ne, na ukun kuma tsoho ne da ke ƙarshen rumfa, kuma na'urar raba hoton ta karanta EDID na sabon, tsohon zai zauna da baƙin allo ana tsaka da wasa. Maganin shi ne a cire dikoda daga "Auto" a tsayar da ita a ma'aunin da mafi rauni a cikinsu ke karɓa, galibi 720p. Wasu na'urorin suna da ɗan maɓallin EDID a gefe don wannan aiki. Idan nisan ya yi yawa, a yi amfani da na'urar da ke tura HDMI ta kebul ɗin intanet na Cat6. Dogon kebul mai rubutun "Source" a kai ɗaya da "Display" ko "TV" a ɗayan kuwa ba ya aiki idan aka juya shi.

14. Fim ɗin da ke cikin filashi yana yi a kwamfuta, amma talabijin ya ce "Unsupported File".

Ƙarshen sunan fayil, kamar MP4 ko MKV, mazubi ne kawai, abin da ke ciki shi ne talabijin ke dubawa. Tsofaffin talabijin suna karanta bidiyo mai tsarin H.264, amma ba sa gane H.265 wanda ake kira HEVC. Idan hoto ya fito babu sauti, galibi sautin DTS ne, wanda wasu talabijin ba sa karantawa. Sai a juya fayil ɗin a kwamfuta zuwa MP4 mai H.264 da sautin AAC. Idan filashin ne gaba ɗaya ba a gani, a duba tsarinsa: FAT32 kusan kowane talabijin yana karanta shi, sai dai ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabayit 4, NTFS da exFAT kuma ya danganta da talabijin.

15. Yaushe zan haƙura in kai wa mai gyara?

Idan an gwada kebul biyu masu lafiya da na'urori biyu daban-daban a rami ɗaya duk babu hoto, ramin ne. A haska shi da fitilar waya a duba: HDMI yana da ƙananan haƙora 19, kuma ana iya ganin wanda ya lanƙwashe, ko ƙurar hunturu da ta cushe a ciki, ko ramin yana girgiza saboda nauyin kebul ya ja shi a talabijin da aka maƙala a bango. Ƙura ana hure ta bayan an cire wuta, amma kada a soka allura ko wani ƙarfe. Idan rami ɗaya ne ya mutu, a koma wani a ci gaba da kallo.

Idan kuwa duk ramukan suka mutu lokaci guda bayan ruwan sama mai tsawa, alhali menu da filashi suna aiki, mai yiwuwa wutar aradu ce ta biyo kebul ɗin dish ta ratsa dikoda ta shiga ta HDMI. Sitabilaiza ba ta tare wannan, tunda ba ta soket ta shigo ba, shi ya sa a daminar Jos ya kamata a zare kebul ɗin dish da na HDMI tare da filogi idan hadari ya haɗu. Haka nan a kashe na'urori kafin a sauya daga wutar gari zuwa janareta. Gyaran irin wannan lalacewa yakan kai ga canza babban allon lantarkin da ke cikin talabijin, don haka a nemi farashi tukuna, kuma a gwada dikodar a wani talabijin domin ita ma tata mafitar tana iya ƙonewa. Idan za a je shagon, a tafi da dikodar da kebul ɗin da rimot, da hoton saƙon da ya fito a allo, da lambar samfurin da ke bayan talabijin, a kuma faɗa wa mai gyaran gwaje-gwajen da aka riga aka yi domin kada ya buɗe abin da ba shi da laifi.